Hankakan Poe da Yaran Dareta

Wai me ya sami matasan mawaƙanmu ne? Kowa ya ɗauki alƙalami, sai kukan masoyiyar da ta rasu, sai tsakar dare, sai wani tsuntsu mai mugun baki. Mun san inda aka yi aron. Waƙar "The Raven" ce ta Edgar Allan Poe, ɗan Amurka, ta 1845, inda hankaka ke yanke wa mai makokin Lenore ƙauna. Waƙa ce, ban musa ba. Amma Poe ya rubuta ta ne matarsa na fama da tarin fuka. Ku fa, wa ya mutu muku?

Marsiyya ba baƙuwarmu ba ce. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, kowa da sunansa da halinsa.

A 2010 gubar dalma, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, ƙasar Anka da Bukkuyum. Ɗari huɗu, jama'a! Kowanne da sunan da aka raɗa masa ran suna, da uwar da ta goya shi. Ku ajiye hankakan nan, ku je ku tambayo sunayen.