Kwantenar Batir a Tsakiyar Gonaki: Darasi daga Arizona da Koriya

Ranar 19 ga Afrilun 2019, da la'asar sakaliya, ƙararrawa ta kaɗa a wata tashar adana lantarki mai suna McMicken, a garin Surprise na jihar Arizona ta Amurka. Tashar ba wata babba ba ce. Ɗaki guda ne na ƙarfe mai siffar kwantena, an shaƙe shi da baturan litiyam masu ƙarfin megawat 2, mallakar kamfanin lantarki na APS. Da 'yan kwana-kwana suka iso, farin hayaƙi suka tarar yana rarrafe a ƙasa, babu ko harshen wuta ɗaya. Ba su yi garaje ba. Suka killace wurin, suka yi ta auna iskar da na'urori, har hayaƙin ya lafa. Kimanin awa 3 da fara lamarin suka buɗe ƙofa don su ga abin da ke ciki. Ba a jima ba ɗakin ya fashe. Mutum 4 suka ji munanan raunuka, ɗaya daga cikinsu an yi jifa da shi fiye da mita 20, ta cikin shingen waya. Allah Ya sa da sauran kwana, babu wanda ya rasu.

Waɗannan ba 'yan koyo ba ne, ƙwararru ne da kayan aikinsu. To ina ga ƙauyen da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, ko Kunci da Tsanyawa, inda wanda zai fara isa wurin shi ne maigadi da bokitinsa?

Tambayar ba ta nesa ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama kayan masu hali, kuma duhun da Arewa ta sha na fiye da mako guda a Oktoban 2024 ya ƙara wa mutane son sola. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai haɗe da janareta ta megawat 7.1 tun 2019. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ke gudanarwa, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ƙananan tashoshin ƙauyuka zai tafi. Kowace irin wannan tasha, in ana so ta ba da wuta bayan magariba, sai da batir. Batirin kuwa yanzu a kwantena ko a manyan akwatunan ƙarfe yake zuwa, a sauke shi daga tirela, a ɗora a kan dandamalin siminti, a jona waya. Mai injin markaɗe, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, da asibitin sha-ka-tafi, duk alheri ne gare su. Ba na cikin masu cewa a guje shi. Abin da nake cewa shi ne a san abin da aka sauke.

Ga yadda hatsarin yake. Cikin kwantena akwai dubban ƙananan ƙwayoyin batir da aka jera daf da juna. In ɗaya ta samu matsala, ko daga masana'anta, ko don an cika ta fiye da ƙima, ko zafi ya yi mata yawa, sai ta fara dafa kanta. Zafin ya haifi wani zafin, ta kai inda ba ta tsayawa, ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Tana cikin haka tana fitar da iska mai kamawa da wuta, har da haidirojin, da kuma iska mai guba. A McMicken na'urar kashe gobara ta yi aikinta, ta fesa sinadarinta. Sai dai an ƙera ta ne don kashe harshen wuta, ba don sanyaya batirin da ke dafa kansa ba. Harshen bai tashi ba, amma baturan suka ci gaba da tumbuɗo iska, ɗakin kuma a rufe ruf, babu mafita. Binciken da kamfanin DNV GL ya yi wa APS, wanda aka fitar a Yulin 2020, ya ɗora asalin abin a kan lahani cikin ƙwayar batir guda, kodayake kamfanin LG Chem da ya ƙera baturan ya musanta. Amma sauran abubuwan da rahoton ya lissafa ba su da musu: babu shamaki tsakanin ƙwayoyin da zai hana zafi tsallakawa, babu hanyar fitar da iskar, kuma tsarin ko-ta-kwana bai faɗa wa kowa yadda ake tunkarar ƙofar ba.

Nan maganar takardun shaida ta shigo, kuma nan ake yi wa mai saye wayo. Takardun hawa-hawa ne. Akwai UN 38.3, wadda shaida ce kawai cewa batirin zai jure jigila a jirgi ko mota. Ba ta ce komai ba game da zamansa shekara goma a rana. Akwai IEC 62619 da UL 1973, masu duba ƙwayoyin batir da ƙunshinsu. Akwai UL 9540, mai duba tsarin gaba ɗaya a haɗe: batir, da inbata, da na'urar da ke lura da caji da zafi, da gidan da aka sa su. Sai UL 9540A, wanda ba takardar cin jarrabawa ba ce, rahoton gwaji ne. A ɗakin gwaji ake tilasta wa ƙwaya ɗaya ta kama da gangan, a zuba ido a ga ko za ta harbi na kusa da ita, wace iska ta fito, nawa ce, zafin ya kai ina. Daga wannan rahoton ne injiniya ke sanin tazarar da zai bari da girman kafar da iska za ta fita. Duk dillalin da ya ce maka kayansa “sun ci UL 9540A” amma ya kasa miƙo rahoton, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko yana fatan kai ne ba ka sani ba.

Manomi ya san sunan da ke jikin buhun taki ba lallai shi ne abin da ke ciki ba. Haka tambarin da ke jikin kwantena. Takarda ta gaskiya tana ɗauke da sunan ɗakin gwajin da ya bayar da ita, irin su UL, TÜV, Intertek ko SGS, da lamba da ake iya bincikawa a intanet, da ainihin samfurin da aka gwada. In an gwada wani samfuri aka kawo maka ƙaninsa, ko aka canza ƙwayoyin ciki da na gwanjo, takardar ba taka ba ce.

Amma a ganina darasin da ya fi kusa da mu ba na Arizona ba ne, na Koriya ta Kudu ne. Gwamnatin can ta ba da garaɓasa mai tsoka ga duk wanda ya haɗa batir da tashar sola ko ta iska, sai aka yi rububin kafawa. Daga Agustan 2017 zuwa tsakiyar 2019 tashoshi 23 suka ƙone, har aka dakatar da ɗaruruwa. Ƙasar da ke da manyan masana'antun batir na duniya ke nan. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a Yunin 2019 ya nuna yatsa ga abubuwa huɗu: raunin kariya daga tartsatsin lantarki, rashin kula da muhallin da baturan ke zaune, sakaci wajen girkawa, da rashin haɗin kai tsakanin na'urorin da kamfanoni daban-daban suka kawo. A batun muhalli, ƙura da raɓa aka ambata. Yawancin tashoshin a kan duwatsu ko bakin teku suke, rana zafi, dare sanyi, danshi ya kwanta a kan ƙura, ƙurar ta zama hanyar da wuta ke bi inda bai kamata ba. Gobarar ba ta tsaya nan take ba, bincike na biyu a Fabrairun 2020 ya ɗora wa baturan kansu laifi a yawancin sababbin gobarar, gwamnati kuma ta taƙaita cika batir zuwa kashi 80 cikin 100 in a cikin gini yake, 90 in a waje.

Ƙura fa aka ce. Wanda ya taɓa share tagar ɗakinsa a watan Janairu a Bici ba ya bukatar a yi masa bayani. Hazon hunturu yana toshe matatar na'urar sanyaya ɗaki cikin 'yan makonni. Ana fita daga shi sai bazara, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, alhali batirin litiyam ya fi son wajen digiri 25, kuma akwatin ƙarfe ne a tsakar rana. Na'urar sanyayawar daga batirin take shan wuta, saboda haka kullum akwai shaiɗanin da ke raɗa wa mai kula da tasha cewa ya kashe ta da dare ya sayar da wutar. Sai damina ta zo da danshi da tsawa. Ƙara da ɓera mai son cin waya da ƙadangare mai son ɗumin akwati. Babu ɗakin gwajin Jamus ko Amurka da ya san da ƙadangarenmu. Takarda tana cewa ne kayan lafiya suke in an riƙe su bisa sharuɗɗan da aka gwada su. Ranar da aka saɓa sharuɗɗan, ta tashi aiki.

Sai maganar fili, wadda ita ce mafi wuya a wannan yanki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ta kewaye Kano saboda yadda jama'a suka cika ta kuma ake noma kowane taƙi duk shekara ba hutu. Gona tana manne da gona, gida yana manne da gona, burtali ma da ƙyar ya tsira. Ƙa'idar NFPA 855 ta Amurka, wadda bugunta na farko ya fito ba da jimawa ba bayan fashewar Arizona, ta nemi a bar aƙalla ƙafa 10, wato mita 3, tsakanin batirin waje da gini, ko hanya, ko tarin abin da ke cin wuta, a kuma nome ciyawar da ke cikin wannan tazara. Kafin a kira tasha “mai nisa da jama'a” kuwa, sai ta yi ƙafa 100 daga komai. Ƙafa 100 ta kowace fuska kusan eka guda ke nan, gonar gadon wani sukutum. Mai kwangila da ke lissafin diyya zai so ya tsuke. Kuma ko an bar tazarar, je ka duba bayan kaka. Fili mai shinge da inuwa da maigadi, ai nan ne za a jingina karan dawa, a tara harawa da dammunan gero, wani ma ya kafa teburin sayar da fetur a kwalba saboda akwai hasken fitila. Watan Afrilu ya zo, maƙwabci ya cinna wa sharar gonarsa wuta, iska ta juyo.

Za a ce ai yanzu baturan da ake kawowa samfurin LFP ne, masu ƙarfe da fosfet, ba irin na Arizona ba. Gaskiya ne sun fi haƙuri da zafi, kuma su ya kamata a zaɓa. Amma a Beijin, ranar 16 ga Afrilun 2021, tashar Dahongmen mai irin waɗannan baturan ce ta kama. Iskar da suka fitar ta bi ramin wayoyi na ƙarƙashin ƙasa ta taru a wani ginin daban, ya fashe, 'yan kwana-kwana 2 da ma'aikaci 1 suka mutu. A ɗaya gefen kuma, lokacin da akwatin batir na Tesla ya kama a kusa da Geelong ta Ostireliya a ƙarshen Yulin 2021, masu kashe gobara sun ja da baya ne, suka bar shi ya cinye kansa cikin kwanaki suna sanyaya na kewaye. Akwati 2 aka rasa, ba a rasa rai ba.

Wannan ja da bayan shi ne abin da zai fi yi mana wuya, don ya saɓa wa tarbiyyarmu. A ƙauye in aka yi kururuwar gobara, kowa fitowa yake, mai bokiti, mai tulu, mai gatarin ɓalle ƙofa, yara kuma a gaba. Hali ne na kirki, shi ya ceci rumbuna da yawa. A gaban kwantenar batir kuwa shi ne zai jawo asarar rayuka, kuma motar kwana-kwana kafin ta taso daga inda take an daɗe da taruwa. Wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda fashewar tankar mai ta hallaka fiye da mutum 150, ya san abin da taron jama'a kusa da abin fashewa ke haifarwa.

Hukumomi muna da su. SON ke ba da shaidar SONCAP kafin kaya su shigo ƙasa, NERC ke ba da izinin ƙananan tashoshi, NEMSA kuma doka ta ɗora mata duba duk wani aikin lantarki kafin a kunna shi. Sai dai dubawar ranar buɗe tasha, ranar da aka share ko'ina saboda manyan baƙi, ba ta gaya maka halin da matatar iska za ta shiga bayan hunturu biyu. Kamata ya yi a riƙa komawa, kuma a koma a bazara, ba tare da sanarwa ba.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku ne ake zuwa wa neman fili, kuma a lokacin ne kawai maganarku ke da nauyi. Kafin ku sa hannu, ku nemi a kawo takardun gwajin da lambobinsu, ku ba wani ɗanku injiniya ya bincika. Ku nemi takardar NEMSA. Ku tambaya ta ina iska za ta fita in batir ya lalace, kuma kafar ta kalli sama ko gona, kada ta kalli gidaje ko makarantar allo. A rubuta lambar wayar da za a kira a jikin shinge, da boko da ajami. A tara jama'a, liman ya faɗa a masallaci, a faɗa wa mata a gidajen biki, a faɗa wa maigadi sau biyu: in an ga hayaƙi ko an ji baƙon wari daga kwantenar, a janye yara, a koma ta inda iska ke tasowa, a kira lambar, kuma kada wanda ya taɓa ƙofar.