Kafin a shuka latas, ina ramarmu da lalonmu?

Tun tsakiyar 2024, lokacin da tumatir ya zama sai wane da wane, har wasu gidaje suka koma miyar kuka safe da dare ba don sha'awa ba, kowa ya zama malamin gona. Gidajen rediyo na ta kiran a yi lambu a gida, Facebook ya cika da hotunan tumatir a cikin buhunan siminti, ita ma uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sa gasar lambun gida da kyauta mai tsoka. Kiran ba sabo ba ne. Dattawanmu ba su manta da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 ba, sa'ad da aka ce ko ma'aikacin gwamnati ya noma bayan ɗakinsa, sannan maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari ya zo da nasa shirin bunƙasa noma a 1980. Ban ƙi kiran ba ko kaɗan. Inda nake da ja shi ne abin da ake cewa a shuka. Da zarar mai ba da shawara ya buɗe baki sai ka ji latas, kabeji, karas, kokwamba da tumatir ɗan fakiti. Matar gida a Dogon Daji ko Kuchi in ta bi wannan, ta yi asarar kuɗinta, ta yi asarar ruwan da aka ɗebo mata da ƙyar, daga nan kuma ta yanke cewa lambu ba aikinta ba ne.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa yin bazara a Tambuwal. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, in Allah ya sa ta cika. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40. Tumatir in rana ta yi masa yawa, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa zubewa yake yi: ganye shar, ɗa babu. Latas kuma ya miƙe ya yi tsiri, ganyen ya yi ɗaci. Waɗannan kayan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma gidansu fadama, wurin masu garka da injin ban-ruwa irin na bakin gulbin Zamfara. Su ɗin ma ba kullum suke sha ba. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna da Katsina, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki don rashin abin niƙawa, kuma ta sake yin ɓarna a 2024. Idan mai eka goma da injin feshi ya ji jiki, ina ga mai bokiti ɗaya?

Ga kuma maganar iri. Yawancin na fakitin nan masu tsada haɗin aure ne aka yi a kamfani. Shekarar farko ya ba ka 'ya'ya masu kyau, amma in ka ajiye ƙwayarsa ka shuka baɗi, sai ya fito maka barkatai, wani ya yi wani bai yi ba. Ke nan duk shekara sai ka koma wurin mai shago. Guron gida kuwa, ɗiya biyu ko uku ake bari su bushe a jikin uwar, a fasa, a zuba ƙwayar cikin gora da ɗan toka, a toshe baki a rataye. Ba a biyan kowa ko sisi.

In da ni za a tambaya, duk gidan da ke da ko taku biyar na ƙasa ya fara da zogale. Yana fita daga ƙwaya, yana kama ƙasa daga reshe in an saro an kafa, kuma da zarar saiwarsa ta nutse ba ya damuwa da rani kamar sauran. Abin da nake gani a gidaje da yawa shi ne a bar shi ya yi ta tsawo har ya wuce katanga, ganye can sama sai da ƙugiya, ƙasa kuwa sanda ce tsirara. Ba haka ake riƙonsa ba. In ya kai ƙirjin mutum, a datse kan. Sai ya fito da rassa ta gefe, su ma in sun miƙe a datse su, har ya zama gajere mai duhu wanda yarinya za ta tsaya ta tsinka da hannunta. Wanda za a ajiye kuma a shanya shi a inuwa, cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, domin rana tana rage masa amfani, ta kuma kashe masa launi. A yi ɗatu da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan tonka, a sa a dambu, a sa a miya. Wannan ganyen ne ake niƙawa a zuba a kwalba a sayar da tsada a Turai da Amurka. Sai dai in ja kunne: zogale abinci ne mai gina jiki, amma masu lasifika a kasuwa da ke cewa yana maganin cuta casa'in da tara, aljihunsu suke yi wa talla. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ci zogalensa, kada ya bar asibiti.

Da damina ta faɗi sai rama da sure. Sure dai a wurina ba ta da na biyu wajen arha: ganyen ya shiga miya, jan ya zama zoɓo, ƙwayar a dafa ta a yi daddawar batso, wadda iyayenmu mata suka riƙe miya da ita tun kafin dunƙulen ɗanɗano ya shigo ƙauye. Guro kan fara ba da 'ya'ya cikin wata biyu, kuma yana son a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku. In aka bari suka ƙosa, uwar sai ta ja baya. Rarar a yanka a shanya, ta kai gida har bazara. Kabewa ƙwaya biyu a gindin danga inda shara ta ruɓe sun isa, ita za ta nemi hanyarta ta hau rumbu, kuma ƙosasshiyarta kan yi watanni a ajiye ba tare da firiji ba. Alayyafo sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Gauta da yalo su ma suna jure zafi fiye da tumatir.

Akwai wasu ganyayen da a da ba wanda ke shuka su, don Allah ne ke shuka mana: tafasa, lalo, gasaya, rukuɓu, yaɗiya. Yara mata su fita da kwando bakin gona, kafin hantsi sun cika. Wanda ke zuwa gona a 'yan shekarun nan ya san sun ja baya, kuma babban dalili shi ne maganin feshi na kashe ciyawa. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, manomi ya ga gara ya goya jarka ya feshe gona da gefenta gaba ɗaya. Magani kuwa bai san lalo ba, bai san ƙaya ba. Wanda ya tsira a gefen hanya ma mutum na tsoron tsinka, don bai san jiya aka fesa ko shekaranjiya ba. A wasu ƙauyukan Kebbe da ke kusa da iyakar Zamfara ga kuma matsalar tsaro, ba uwar da za ta tura 'yarta daji neman tafasa yanzu. Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za a shigo da waɗannan cikin gida kamar yadda aka shigo da alayyafo. Ƙwayar lalo da ta tafasa ba wuyar tarawa gare su ba a ƙarshen damina. Lalo dai ƙwayarsa na da taurin kai, in aka tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan kafin shuka ta fi saurin tsira. Wasu za su ce abincin yunwa ne. Su je Masar su ga yadda ake ji da miyar lalo a manyan gidajen abinci.

Kayan ƙamshi ba su cin wuri. Na'a-na'a tana son danshi da inuwa-inuwa, don haka wurinta shi ne inda ake alwala. A samu tsohon bokitin da ya fashe, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki, a tsinko reshe daga maƙwabta a soka. Ruwan buta sau biyar a yini ya ishe ta, kuma bokitin zai hana saiwarta mamaye sauran shuke-shuke, don halinta ke nan. Ɗoɗɗoya ta fi ta juriya. A riƙa tsinke furenta don ta ci gaba da ba da ganye. Tonka gindi uku ya riƙe gida. Albasa kuwa, mu da ke maƙwabtaka da Aliero ba mu da dalilin wahalar da kai wajen noma ta a tsakar gida, a bar wa masu ita. Amma gindin da uwargida ta yanke za ta zubar, in ta dasa shi zai ba ta lawashi, in ya yi yawa ta daka ta shanya ta samu gabu. Citta kada ma a fara, ta kudancin Kaduna ce inda ruwa ya wadata.

Na san abin da za a ce mini: ruwa da akuya. Gaskiya ne, kuma akuyar ta fi. Lambun da ba danga kiwo ne kawai aka shirya mata. Karan dawa da ƙaya suna nan, tsohon gidan sauro da ya yayyage ya daina amfani kuma yana tare kaji. Ruwa kuwa, na wankin shinkafa da na regayar gero duk suna tafiya kwata a banza. Na sabulu da omo ne kawai za a nisanta da ganyen da ake ci. A yi ban-ruwa da yamma, a rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye. In ƙwari suka taso, a barbaɗa toka, ko a daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana a tace a yayyafa. Kada a kuskura a kusanto da piya-piya ko Sniper kan ganyen da za a tsinka gobe a ba yaro. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan guba a 2019.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na ba ta filin wannan mako shi ne yaranmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Gero da dawa muna da su, Alhamdu lillahi, amma tuwo da ruwan miya ba su isa su gina yaro ba. Ganye ne ke cike wani ɓangare na wannan giɓi, kuma shi ne abu ɗaya da mace ke iya samarwa da kanta ba tare da ta fita ƙofar gida ko ta jira kuɗin cefane ba.

Sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ba sa bukatar kwangilar miliyoyi kafin su taɓuka wani abu a nan. Su reni dashen zogale a leda, su ajiye a asibitocin awo, duk mai juna biyun da ta zo ta koma da biyu. Malaman aikin gona na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su zagaya ƙauyuka su tattara irin guro, sure da kabewa na gargajiya daga hannun tsofaffin mata tun kafin na fakiti ya kore su. Kai kuma maigida, na ga yayin da ake yi yanzu na shafe tsakar gida da siminti daga zaure har bakin madafa. In za ka yi naka bana, ka bar wa uwargida taku biyar na ƙasa a gefen katanga, ka kuma yi mata danga kafin ruwan farko ya sauka.