Yaro Ya Tafi Karatu, Ko Ya Zauna a Gona?

'Yan'uwa manoma, idan yaro ya gama sakandare a Kademi, mahaifinsa yakan ce, "In ya tafi, wa zai riƙe mini garma?" Da gaskiyarsa. Amma mu dai mun ce a bar yaro ya tafi. Gona ba ta ƙaruwa, magada suna ƙaruwa, ƙasa kuma ta gaji. Tun 2001 akwai jami'a a Wudil, nan kusa. A Dambatta ma akwai Kwalejin Noma ta Audu Bako.

Bari kowace ƙungiya ta ware buhun gero da kaka domin kuɗin makaranta, a kuma yi wa mahaifin gayya da damina. Yaron kuwa ya yi alkawarin dawowa ya koya mana abin da ya samo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.