Atisayen Gobara Da Masu Cewa Fatan Tsiya Ne

Duk wanda ya taɓa aiki a banki ko asibiti ko wata babbar ma'aikata ya san irin tarbar da ake yi wa ƙararrawar atisayen gobara. Wani ya ɗaga kai ya koma kan rubutunsa, wani ya tsaya neman cajar wayarsa, wasu su sauko suna raha kamar an tashi daga biki. A cikinsu ba a rasa mai cewa gwajin gobara fatan tsiya ne, abin da Allah Ya ƙaddara babu makawa sai ya auku. Wannan maganar ce ta dame mu, domin an jingina ta ga addini alhali addini bai faɗe ta ba.

Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ratsa babin sallar tsoro, wadda asalinta ke aya ta 102 a Suratun Nisa'i: liman ya raba jama'a gida biyu, kashi ɗaya su bi shi salla, ɗayan su tsaya fuskantar abokan gaba, sannan a yi musanya. A zaure ake koyar da wannan babi, cikin zaman lafiya, ga yaran da wataƙila har su mutu ba za su ga fagen fama ba, kuma ba mu taɓa jin malamin da ya ce karanta shi jawo yaƙi ne ba. Haka maniyyata ke taruwa wajen bita suna zagaya siffar Ka'aba da aka kafa musu, don kada ranar ɗawafi ta zo su ruɗe cikin cunkoso. Atisayen gobara ma bita ce.

Game da wutar kanta kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Musiba ta auku, aka fitar da doka daga cikinta. Haka hukumomin Saudiyya suka yi bayan gobarar Mina ta 1997 da ta halaka alhazai sama da 300: suka sauya tantunan da waɗanda wuta ba ta saurin ci.

Mu ma an ja mana kunne. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Nuwamban 2021 yara sama da 20 suka rasu a azuzuwan zana a Maraɗi. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙaura Namoda. Kowane lokaci mun yi ta'aziyya, mun yi addu'a, kuma daidai ne. Amma makarantu da ma'aikatu nawa suka tashi washegari suka gwada ƙofofinsu?

Amfanin atisaye yana cikin ƙananan abubuwan da yake tonawa. A gobarar cikin gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Yana rufe ido, yana toshe numfashi, kuma mutumin da ya firgita ƙofar da ya saba shiga kullum yake nufa, ko da can wutar take. Sai an gwada ake gane cewa ƙofar baya na garƙame da kwaɗo, makullin yana aljihun maigadin da aka aika kasuwa. Sai an gwada ake ganin an jibge kwalaye a matakala, tagogi duk an rufe su da ƙarfe, tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bango kuma wa'adinta ya wuce, ba ma wanda ya san yadda ake zare sakatarta. A nan ne ake koya wa mutum ya sunkuya ƙasa da hayaƙi, kada ya watsa ruwa ga wutar fetur ko ta lantarki, kuma in an fita a taru wuri guda a kira suna, don kada wani ya koma ciki neman wanda tuni ya tsira.

Laifin ba na ƙananan ma'aikata ba ne kaɗai. Inda shugaba ke zaune a ofis yana shan shayi ana atisaye, ya riga ya gaya wa kowa cewa wasa ne. Rayukan da ke ƙarƙashin rufinsa amana ce, kuma za a tambaye shi. Wannan nauyi yana kan mai Islamiyya, da alaramma mai tsangaya, da kwamitin masallacin Juma'a, da shugabannin kasuwa.

Muna kira gare su da su gayyaci jami'an kwana-kwana na jiharsu kafin hunturu ya shigo, a kaɗa ƙararrawa ba tare da sanarwa ba, a riƙe agogo a ga minti nawa za a ɗauka kafin mutum na ƙarshe ya fito. A makarantun kwana kuwa, a yi gwajin da dare, lokacin da yara ke barci.