Littafin Lissafin Tsuntsayen Daji

A wannan mako zan ja ku zuwa ƙasar Ingila, wani kurmi da ake kira Waitam, kusa da birnin Oksfod. Jami'ar birnin ita ke riƙe da kurmin, ita ke lura da sara da dashe a cikinsa.

A 1947 wani masani, David Lack, ya sa aka kakkafa akwatuna 100 a jikin itatuwa, kowane da 'yar kafa, domin wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da rawayan ƙirji, kamar girman gwara, ya riƙa sheƙa ciki. Yau akwatunan sun haura 1,000. Kowace shekara, da sanyi ya kau, sai almajirai su bi su ɗai ɗai. Su rubuta ranar ƙwan fari, da yawan ƙwai, da ranar ƙyanƙyasa, sa'an nan su auna 'yan tsakin, su saka wa kowane zobe mai lamba a ƙafa. Ta haka ake sanin uwar kowane tsuntsu da kakarsa, abin da wani mutum ma ba ya iya faɗi game da gidansu.

To, mene ne amfanin wannan wahala? Kowane akawu ya sani shafi ɗaya ba ya nuna riba ko hasara, sai an jera shekaru. Da aka jera, sai ga shi a 2022 tsuntsayen nan suna yin ƙwai kamar mako 3 kafin lokacin da kakanninsu ke yi a farkon aikin. Dalili kuwa shi ne ƙasar ta ƙara ɗumi, itatuwan ok suna toho da wuri, tsutsar da ke cin ganyensu ita ma ta fito da wuri. Da tsutsar nan ake ciyar da 'yan tsaki, kwanakinta kuwa kaɗan ne. Uwar da ta makara, 'ya'yanta za su fito abinci ya wuce, da yawa su rame su mutu.

Lack ya rasu a 1973, bai ga wannan amsa ba. Ni a ganina yabo ya fi dacewa da waɗanda suka bi bayansa, suka ƙi barin littafin ya yanke ko shekara guda, alhali yawancin ranaku ba abin da suke gani sai akwati da ruwan sama.

Naku,
Akawu.