Wasiƙa Daga Ohayo: Dalilin Da Ya Sa Na Ƙera Wa Mesa Ɗaki

  Mu nan Kolombus lafiya lau muke, sai dai sanyi, shi kuwa ba ya saboda da mutum.

Labarin akwatin maciji dai na ji ya riga ni isowa gida, kuma an ƙara masa gishiri har da magi a hanya. Yaya ta ce an gaya mata ina kiwon macizai, Kawu kuma ya aiko mini da nasiha mai tsawo, Allah Ya saka masa da alheri. To ku kwantar da hankalinku. Ba ni da maciji, ba zan ajiye ba, uwargida ma ta ce ranar da ya shigo ta ƙofar gaba ita ta baya za ta bi. Macijin na ɗan maƙwabcina ne, yaro ɗan shekara 16. Abin da yake gaskiya shi ne ni na taya su ƙera masa akwatin katako, da hannuna da zartona, kuma ra'ayina shi ne na yi daidai. Shi nake so in yi muku bayani.

Gidan da muke haya gida ɗaya ne aka raba biyu. Bango ɗaya muke da su, rufi ɗaya, kuma bututun ruwa da wayoyin lantarki suna ratsawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Da na ga inda yaron yake ajiye abin nasa, tankin gilashi ne irin na kifi, an rufe shi da raga, an ɗora littattafai biyu a kai wai don kada ya ture. Littattafai fa jama'a! Dabbar da jikinta duk tsoka ne, wadda da ƙarfin matsa take kashe abincinta. Ni kuma ga 'ya'yana uku a bayan bangon nan, ƙaramarsu ko shekara huɗu ba ta cika ba. Doka ba ta hana su ajiyewa ba, ba ni da ikon in ce su fitar da shi. Abin da ya rage mini shi ne ko dai in zauna ina tsinuwa ina kwana da ido ɗaya, ko kuwa in ɗauko kayan aiki.

Kawu ya tunatar da ni cewa hadisai sun zo da umarnin kashe maciji, kuma malamai da yawa ba su halatta cinikinsa ba. Haka ne Kawu, ban musa ba, dalili ke nan ma da ba za ku taɓa ganinsa a ɗakina ba. Amma maƙwabcin nawa ba Musulmi ba ne, dabbar kuma ta riga ta zo hannunsu. A nan wani hadisin ne ya fi tsaya mini a rai, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Abin da na fahimta shi ne, da zarar ka rufe ƙofa a kan mai rai, to ci da sha da zafi da sanyinsa sun dawo wuyanka. Ban ga inda aka ce sai dabbar da ta ba ka sha'awa ba.

Na san dalilin da ya sa jikinku ya yi sanyi, don ni ma a can na tashi. Mu maciji a wurinmu kububuwa ce a gonar gero, kasa ce a kan hanyar rafi, kumurci ne mai tofi a ido. Ko tarihinmu ma da kashe maciji ya fara a rijiyar Kusugu ta Daura. Asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe ba ya rabo da waɗanda aka sara, musamman lokacin noma da girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne saran maciji yake kashewa duk shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Saboda haka tsoronmu ba ƙauyanci ba ne, kuma duk Ba'amurken da ya yi mini dariya a kan haka ina karanta masa waɗannan lambobi.

Amma abin mamaki, wannan da ke bayan bangona 'yar ƙasarmu ce. Ƙaramar mesa ce marar dafi, Turawa suna kiranta da sunan da ke nufin mesar ƙwallo, saboda in ta tsorata dunƙulewa take yi ta cusa kanta a tsakiya. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, tun daga Senegal har Sudan, da Nijeriya a ciki. Da rana tana ɓuya a ramin gafiya ko a cikin tsohon suri, sai dare ta fito neman ɓera. Tsawonta ba ya cika wuce ƙafa 4 zuwa 5. An daɗe ana fitar da dubun dubatarsu duk shekara daga Gana da Togo da Binin zuwa Turai da Amurka, ko da yake yanzu da yawa a nan ake hayayyafarsu. Wato ni da ita duk baƙi ne daga ƙasa mai zafi, muna fama da hunturun Ohayo. Bambancin shi ne ni ina da rigar sanyi, ita kuwa jikinta ba ya samar da ɗumi, sai abin da ta samu daga wurin da take kwance.

Nan ne amfanin katako yake. Tankin gilashi mai murfin raga ba ya riƙe ɗumi, ba ya riƙe danshi, ga shi a buɗe ta ko'ina, dabbar da ta saba da duhun rami kullum tana tsirara a idon mutane. Da hunturu kuma hitar gida takan busar da iska ƙayau, har mu ma leɓunanmu su tsage kamar ana buji. Lokacin da na fara ganinta tsohuwar saɓa ta maƙale mata a wutsiya da kan ido, alamar bushewa ta yi yawa, don lafiyayyen maciji saɓarsa guda ɗaya take fita kamar an tuɓe safa.

Awon da muka yi shi ne tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 2, bisa ƙafa 2. Wanda ya taɓa aikin kafinta zai ga daɗin wannan lissafi: fallen filawud ɗaya a nan ƙafa 4 ne da ƙafa 8, saboda haka shi kaɗai ya fitar da ƙasa da sama da baya da gefe biyu, ban da ɗan abin da bakin zarto ya ci. Mun ɗauki mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, don siriri lanƙwashewa yake in ya sha danshi. Ban yarda an buga ƙusa ko ɗaya ba, gam muka sa sannan muka ɗaure da sukuru, don ƙusa tana saki in katako ya kumbura ya motse. A gaba muka kafa katako mai tsayin inci 4 daga ƙasa, ya tare ɓawon kwakwar da ake shimfiɗa mata, a kansa kuma aka ɗora layin da gilashi biyu suke zamewa.

Ba kowane katako ake sawa ba. Akwai itacen da suke kira sida, mai ƙanshi, wanda suke yin akwatin tufafi da shi don yana korar asu. Man da ke ba shi wannan ƙanshin shi ne yake cutar da numfashin maciji. Haka katakon da aka jiƙa da magani don shingen waje, shi ma ba ya shiga. Filawud ɗin kansa sai da muka shafe cikinsa da banish irin wanda ake sirkawa da ruwa, shafi huɗu, muka bi duk kusurwa da silikon, sannan muka bar shi a gareji mako uku a buɗe. Yaron ya ƙosa, kullum sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ni kuma in ce ya sa kansa ciki ya shaƙa, in ya ji wari to da sauran lokaci. Maciji ba ya iya tari, abin da ya taru masa a huhu ba shi da hanyar fitar da shi kamar mu.

Wutar ɗumi kuma a gefe ɗaya kawai ake sa ta, ba a tsakiya ba. Ana so ɓangare ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya tsaya wajen 25 ko 26, ita ta zaɓi inda take so, kamar yadda take yi tsakanin bakin rami da ƙuryarsa. Danshi kuma wajen kashi 60 cikin 100. Fitilar dole a kewaye ta da kejin ƙarfe, don mesa takan nannaɗe abu mai zafi ta ƙone ba ta saki ba, dole kuma a haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka. A wannan na fi kafewa, har uban yaron ya fara ganin na cika tsanani. Na ce masa akwatin katako ne fa, da wuta a ciki dare da rana, a jikin bangon ɗakin da 'ya'yana suke kwana. Muka kife mata kasko biyu masu ƙofa, ɗaya a zafi ɗaya a sanyi, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba.

Sai maganar kafofi, wadda ita ce ta kawo ni aikin tun farko. Duk inda kan maciji ya shiga, sauran jikin zai bi. Ramin da waya ta ratsa mun toshe shi. Tsakanin gilashi biyu mun sa roba, muka kuma sa makulli, don da ƙarfin jikinta tana iya zame gilashin. Tagogin iska, ɗaya ƙasa a ɓangaren sanyi ɗaya sama a ɓangaren zafi, raga muka ɗaure musu da sukuru daga ciki, ta yadda in ta tura sai ta ƙara matse ta. Kada ku ga kamar na cika tsoro. A watan Agusta na 2013, a garin Kambelton da ke Kanada, wata babbar mesar Afirka mai tsawon sama da ƙafa 12 ta fita daga ɗakinta ta bututun iska, ta faɗo falon da wasu yara biyu 'yan uwa suke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, ta kashe su. Ta maƙwabcina ba ta kai ko kusa da wannan girma ba, ba ta da ƙarfin yin haka, amma darasin bututun iska na ɗauke shi.

Yaya ta ce me zai hana a kai ta daji a sake ta kowa ya huta. A Ohayo wannan kisa ne na sannu a hankali, sanyin farko zai gama da ita. A inda kuma babu sanyi, ku dubi Fulorida. Mesar Bama da mutane suka saya tana ƙarama, ta yi musu girma suka sake, ko ta kuɓuce, ta hayayyafa a fadamar Ebagiles. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna wasu ƙananan dabbobin wurin an daina ganinsu da sama da kashi 90 cikin 100, kuma a shekarar ne gwamnatin Amurka ta hana shigo da irin wannan mesa. Mu ma nan jihar sai da aka ga tashin hankali kafin a yi doka. A Oktoban 2011 wani mutum a Zensbil, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan, ya buɗe wa namun dajin da yake ajiyewa ƙofa, 'yan sanda suka harbe kusan 50, ciki har da zakuna 17. A 2012 aka kafa dokar da ta ce sai da izini za a ajiye manyan macizai da masu dafi. Ƙaramar mesa ba ta cikin jerin, amma a birnin Niyok an hana ta, a Hawayi kuwa kowane irin maciji haramun ne a ajiye.

Kafin mu yi wa Amurkawa dariya da yawa, mu tuna da gardawan kasuwanninmu. Dukanmu mun tsaya kallo muna yara, mun jefa kwabo, ba wanda ya taɓa tambayar yaushe rabon macijin nan da ruwa, ko awa nawa ya yi a dunƙule cikin ɗan akwati a tsakar rana. Su ma nan akwai masu kiwo don kasuwa da ke jera su cikin robobi kamar durowar kabad, dabba ta yi shekaru ba ta miƙe jikinta sosai ba. Ni duka biyun ba su kwanta mini ba, kuma cinikin ma gaba ɗaya da za a tambaye ni da na ce a bar su a surinsu suna cinye mana ɓerayen rumbu.

Sharuɗɗa biyu na gindaya kafin in ɗauki zarto. Na farko, 'ya'yana ba za su taɓa ta ba, musamman ƙaramar, don macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada yaro ƙasa da shekara 5 ya riƙa taɓa irin waɗannan dabbobi. Uwargida ta ƙara nata, wai ko wutarsu ta lalace kada su kuskura su kawo mana ajiyar daskararrun ɓerayen da suke ciyar da ita a firijinmu. Na biyu shi ne wanda har yau ba mu gama ba. Wannan mesa takan yi shekara 20 zuwa 30, a gidan namun daji na Sen Luwis ma akwai wadda ta saka ƙwai a 2020 tana da kimanin shekara 62. Yaron kuwa nan da shekara biyu zai tafi jami'a, ɗakunan kwanan ɗalibai kuma galibi ba sa karɓar irin wannan baƙuwa. Na ce wa uban ya faɗa mini da bakinsa wa zai riƙa duba ma'aunin zafi da makullin nan in yaron ya tafi. Ya ce shi ne. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, saboda haka zan sake tayar da maganar in an sha iska.

A gaida Inna da su Goggo, a ce wa Kawu saƙonsa ya iso kuma na gode. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.