Haƙoran roba na zamani: a fara da horon likita kafin sayen na'ura

Duk wanda ya taɓa zama kusa da dattijon da haƙoransa suka zube ya san abin ba wasa ba ne. Nama ya gagara, ƙuli-ƙuli ya gagara, har magana a cikin mutane sai ya riƙa kare baki da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ce kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 ba su da ko haƙori ɗaya. Don haka maganar haƙoran roba magana ce ta ci da sha da kuma mutuncin iyayenmu.

Yanzu wata sabuwar hanya ta yin haƙoran tana ƙara yaɗuwa a duniya. A da, sai maras lafiya ya je wajen likita kamar sau biyar: a ɗauki awon baki da wani abu mai kama da ƙullu, a sake ɗaukar awo na biyu, a auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suke haɗuwa, a gwada samfurin kakin zuma, sannan a saka na ƙarshe. A sabuwar hanyar, ana ɗaukar hoton cikin baki da ƴar kyamara, a zana haƙoran a kwamfuta da manhaja irin su exocad ko 3Shape, sai inji ya sassaƙa su daga dunƙulen roba mai tauri, ko na'ura ta gina su da ruwan roba, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Zuwa biyu ko uku na iya isa. Ga wanda zai taso daga ƙauye zuwa Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, wannan sauƙi ne babba. Kuma in haƙoran sun ɓace ko sun karye, zanen yana nan a ajiye, sai a sake fitar da wasu.

Mu a wannan jarida ba ma adawa da ci-gaban. Abin da muke tsoro shi ne a sa keke gaban doki, a kashe miliyoyin sefa a kan na'ura alhali wanda zai riƙe ta horon kwana biyu kawai ya samu daga mai sayarwa.

Dalili kuwa a fili yake. Kyamarar tana aiki da kyau in akwai haƙora a baki, domin su ne alamomin da take bi. Amma bakin da babu haƙori ko ɗaya, dasashi ne sumul, ga yawu, ga naman da ke motsi in mutum ya buɗe baki ko ya ɗaga harshe. Abin da ke riƙe haƙoran roba shi ne gefensu ya zauna daidai inda naman kumatu da na leɓe suke lanƙwasawa, kuma kyamara ba ta iya kama wannan motsi yadda ya kamata, musamman a muƙamuƙin ƙasa. Shi ya sa ƙwararru da yawa har gobe suke fara ɗaukar awo da hannu, daga baya su shigar da shi kwamfuta. Haka ma tsayin cizo: in ya yi yawa, haƙoran su riƙa ƙara wajen magana, muƙamuƙi ya yi ciwo, in ya yi kaɗan, fuska ta zube. Likita ne ke yanke wannan da idonsa da hannunsa. In ya ba kwamfuta awon da ba daidai ba, to kuskuren za ta sassaƙa masa tsaf.

Akwai kuma aikin bayan fitowa. Haƙoran da aka gina da ruwan roba sai an wanke su da sinadarin barasa na musamman, sannan a ƙarasa busar da su a ƙarƙashin haske na tsawon lokacin da kamfani ya ƙayyade. In aka yi gaggawa, ko wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, ragowar sinadarin na iya ƙona dasashi. A ƙasa irin tamu, mai zafi da ƙura da yawan ɗaukewar lantarki, dole mai aikin ya san yadda ake adana ruwan robar da daidaita na'ura.

To me ya kamata a yi? Makarantun da ke yaye likitocin haƙori a yankinmu, irin na Dakar da Abijan, kada su rage koyar da aikin hannu don an samu kwamfuta. Sabon ilimin a ɗora shi ne a kan tsohon. Likitan da ke bakin aiki kuma ya fara da abu mai sauƙi, kamar kwafe tsofaffin haƙoran da suka zauna wa mai su daidai, a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi ƙwarewa. A horar da shi tare da ma'aikacin da ke haɗa haƙoran, tunda aikin na mutum biyu ne. Ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitocin haƙori su fitar da sharaɗi a rubuce: awa nawa na horo, aiki nawa a gaban malami, kuma wa zai ba da shaida. Mai sayar da na'ura bai kamata ya zama shi ne malami kuma shi ne alƙali ba.

Kai kuma mai karatu, in za ka kai Baba ko Inna, kada kyan na'ura ya ruɗe ka. Tambayi likita ko za a yi gwaji kafin a fitar da na ƙarshe, da kuma wanda zai gyara in sun riƙa ciwo bayan mako guda. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Horon nan a yi shi tun na'urorin ba su cika asibitocinmu ba.